George Duke, Gwanin Da Ya Sa Na'ura Rera Waƙa

A farkon shekarun 1970, manyan makaɗan jaz na Amurka da yawa kallon raini suke yi wa sintesaiza, wato na'urar da ke ƙera amo da wutar lantarki. A ganinsu abin wasan yara ne mai ƙara, ba ruwansa da zuciya. George Duke ma haka ya ɗauke ta da farko, sai ga shi ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa sanin yadda ake sa ta magana.

An haife shi a San Rafael ta jihar Kalifoniya a 1946. Ya taso yana kaɗa fiyano a coci, inda ya ga yadda kiɗa ke motsa jama'a har su zubar da hawaye. A makarantar koyon kiɗa ta San Francisco kuwa tirombon ya karanta, ƙahon Turawan nan da ake jan bututunsa gaba da baya, amo yana sulɓewa daga wannan mataki zuwa wancan. Wannan ilimin ya yi masa rana daga baya.

Makaɗi Frank Zappa ne ya matsa masa lamba ya gwada sintesaiza, lokacin da Duke yake cikin ƙungiyarsa. Duke ya yi ta nonnoƙewa, don shi mutumin fiyano ne, har ya yi aiki da babban makaɗin jaz Cannonball Adderley. Abin da ya sauya masa ra'ayi shi ne gano cewa a wannan na'ura ana iya lanƙwasa amo. Fiyano ba ta yin haka: maɓallin da ka danna, amonsa za ka ji, ba ƙari ba ragi.

Sai an san Minimoog, ɗaya daga cikin sintesaizocin da ya yi fice da su, za a gane girman gwanintarsa. Amo ɗaya tak take fitarwa a lokaci guda. Ba ta ajiye sauti a ƙwaƙwalwa, dole makaɗi ya murɗa makunnai ya haɗa irin amon da yake so da hannunsa, ya tace shi har ya yi kauri ko ya yi siriri. A gefen hagu akwai 'yan tayoyi biyu, ɗaya na ɗaga amo ko sauke shi, ɗaya na sa shi karkarwa. Hannun dama na Duke yana gudu a kan maɓallai, na hagu yana kan tayar nan. Yakan kamo amo daga ƙasa, ya ja shi a hankali har ya kai inda kunne ke jira, ya riƙe shi tsaf, sannan ya sake masa 'yar rawa a ƙarshe, kamar yadda gwanin goge ke zame yatsa a kan tsirkiya. Murzawar ta wuce kima, amo ya ɓaci. Ta gaza, ya fito lami. Duke ya san daidai inda zai tsaya, kuma saninsa daga muryoyin mawaƙan coci da bututun tirombon ya samo shi.

Mai son tabbatarwa ya saurari "Inca Roads" ta cikin faifan Zappa na 1975, sannan "Reach for It" ta 1977, wadda ta fito da sunansa a kasuwar kiɗan rawa. A 1979 ya sa hannu a faifan Michael Jackson, Off the Wall, ya kuma tafi Brazil ya ɗauki A Brazilian Love Affair tare da mawaƙan ƙasar. Shi da makaɗi Stanley Clarke suka yi "Sweet Baby" a 1981, shi ne kuma ya shirya wa mawaƙiya Deniece Williams "Let's Hear It for the Boy", wadda ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a 1984. Masu tsattsauran ra'ayin jaz sun zarge shi da bin kasuwa, amma a duk waɗannan ayyuka kunne ɗaya ne ke aiki, mai neman murya a cikin kowane amo.

Ya rasu a Los Angeles a watan Agustan 2013, yana da shekara 67. Makaɗan fiyano na ɗakunan ɗaukar waƙa a Kano da Kaduna suna da darasi a wurinsa, domin yawancin na'urorin da ke gabansu suna da irin wannan taya a gefen hagu. Wanda ya zauna ya horar da hannunsa a kanta, yana kwaikwayon muryar mawaƙinsa gaɓa-gaɓa, kiɗansa zai fita daban da na mai dogara da sautin da kamfani ya zuba a ciki.