Rimi a Ma'aunin Karaye da Rogo

Rubuce-rubucenmu a kan Muhammadu Abubakar Rimi, gwamnan farar hula na farko a Jihar Kano (1979 zuwa 1983), sun rabu gida biyu. Masu yabo suna kiransa Limamin Canji, ba sa son jin aibunsa. Masu suka kuma ba su tuna komai sai cewa ya taɓa rawanin Sarkin Kano, ya kuma juya wa Malam Aminu baya. Duka ɓangarorin daga cikin birni suke hangensa. In ana son a auna shi da kyau, a tsaya a Karaye da Rogo, domin a nan alherinsa da ɓarnarsa suka sauka wuri guda.

Mu fara da alherin. Da hawansa a 1979 ya soke haraji da jangali. Wanda ya taso a birni ba lalle ya san nauyin wannan ba. Manomi ya sani, shi da yakan sayar da hatsinsa da kaka a kan araha don kada ya sha wulaƙanci a ƙofar dagaci. Bafulatani ma ya sani, shi da yakan kora shanu daji in ya ji masu ƙirga na tafe. Sai Hukumar Ilimin Manya da gwamnatinsa ta kafa a 1980, wadda ta kai yaƙi da jahilci ƙauyuka. A shekarar ne kuma Kano ta mai da 1 ga Mayu ranar hutun ma'aikata, kafin tarayya ta bi sahu. Jaridar Triumph da talabijin na CTV, wanda yau ake kira ARTV, duk na zamaninsa ne.

Sai batun sarauta. A 1981 Rimi ya ɗaga darajar wasu sarakuna, ciki har da na Karaye, Rano, Gaya da Dutse, ya fitar da su daga ƙarƙashin Kano. Karaye tsohon gari ne mai tarihinsa, ba wanda zai ce bai cancanta ba. Amma an yi abin ne a tsakiyar faɗa da fada, don a rage wa Alhaji Ado Bayero fuka-fuki. A Yulin shekarar gwamnati ta aika wa Sarki takardar tuhuma. Ranar 10 ga watan gari ya kama da wuta, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Da Sabo Bakin Zuwo ya ci zaɓen 1983, ya rushe masarautun.

Abin da Rimi ya bari a nan shi ne darasin cewa rawani na hannun mai riƙe da alƙalami. Ganduje ya sake ɗaga Karaye a 2019. A Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe, a Yuli kuma ta dawo da ita a daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Karaye da Rogo kaɗai. Sau biyar ke nan ana sauya matsayin gari ɗaya, kowane sauyi kuma daga gidan gwamnati ya taso.

Amurkawa suna da irin wannan gardama a kan Andrew Jackson, shugabansu na bakwai. Ya hau mulki da sunan talaka, shi ne kuma ya sa hannu a dokar 1830 da ta kori 'yan asalin ƙasar daga gonakinsu. Laifin Rimi bai kai ko kusa da wannan ba. Abin ɗauka a wurinsu shi ne masu tarihinsu na yau suna rubuta fuskokin Jackson biyu a shafi ɗaya.

Mu ma haka ya kamata. Inda Rimi ya sauke wa talaka kaya, ya yi aikin da ya sha gaban zamaninsa. Inda ya mai da sarauta sandar dukan abokin gaba, ya buɗe ƙofar da har yau ba a rufe ba. Marubucin da ya ɓoye ɗaya daga cikin biyun ya tauye wa mai karatu mudu.