Baƙin Jinin Fim: Waiwaye a kan "Saliha?" da Camamar Ibro

A tarihin fina-finan Hausa akwai waɗanda sunansu ya ɓaci tun suna sababbi, har yau kuma ba su wanke ba. Da zarar an ambace su amsar a shirye take: wannan shirme ne, wancan kuwa ɓata tarbiyya. Galibin masu ba da wannan amsa a yau ba su kalli fina-finan ba, gadon hukuncin suka yi daga iyaye da masu wa'azi da marubutan mujallu. Ina cikin tsarar da ta buɗe ido ta tarar an riga an yanke shari'ar, an tashi kotu. Hausawa kuwa sun ce gani ya kori ji. Saboda haka wannan maƙala za ta sake buɗe shari'ar abubuwa biyu da aka fi jifa, wato fim ɗin "Saliha?" na 1999 da fina-finan camama na marigayi Rabilu Musa Ibro, domin a duba wanda ya ɗora musu baƙin jini, da ma'aunin da ya auna su da shi, da kuma ko laifin da aka ambata yana nan a jikinsu.

Wajibi ne a fara da yanayin da sharhin fim ya tashi a cikinsa. Ana ƙirga farkon wannan sana'a daga "Turmin Danya", wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar a 1990. Mujallar Tauraruwa ta bayyana a 1998, mujallar Fim ta biyo baya a 1999. Sharhi bai gama tsayawa da ƙafarsa ba gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim a Disambar 2000, shekarar da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar, sannan aka kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001. Tun daga nan tambayar da ake yi wa fim ta zama ɗaya: ya halatta ko bai halatta ba? Tambaya ce mai muhimmanci ga al'ummar Musulmi, amma ta danne 'yar'uwarta, wato ko labarin ya tsaru, ko taurarinsa sun yi kama da mutane, ko ya faɗi gaskiya game da zamanmu. Fim ɗin da ya faɗi jarabawar farko ba a ma ba shi takardar ta biyu.

"Saliha?" shi ne misalin da ya fi fitowa fili. Labarin wata budurwa ce da kowa ya shaide ta da ibada da kamun kai, ba a ganinta sai cikin hijabi. Bayan an ɗaura mata aure, mijin ya gano cewa rayuwarta ta ɓoye ta saɓa wa siffar da aka san ta da ita. Fim ɗin ya tayar da ƙura har wata ƙungiyar addini a Kaduna ta yi barazana ga ran waɗanda suka shirya shi, ta nemi a janye shi daga kasuwa a kuma nemi afuwa. Tuhumar ita ce an ci mutuncin hijabi, an nuna wa duniya cewa mai rufe jiki ba abar amincewa ba ce.

Wanda ya dubi sunan fim ɗin kaɗai zai ga alamar tambayar da aka maƙala masa, kuma a cikinta saƙon yake. Abin da ake tuhuma shi ne shaidar da muke yi wa mutum daga tufafinsa. Wannan jigo kuwa ya girmi kyamara a ƙasar Hausa. Bahaushen da ya ce Musa a baki Fir'auna a zuci munafuki yake nufi, babu kuma wanda ya taɓa zarginsa da cin mutuncin Annabi Musa. Masu wa'azin da suka fusata da fim ɗin su ma sun sha jan kunnen jama'a game da riya a kan mumbari. Bambancin shi ne wa'azi yana siffanta munafuki da baki, fim kuwa ya ba shi fuska da suna da sutura, ya shigar da shi har ɗakin matan aure ta cikin kaset. Ƙarfin hoto ne ya firgita mutane, kasancewar ba su saba ganin aibinsu a kan allo ba.

Duk da haka ba zan wanke fim ɗin tas ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu shirin sun zaɓi hanya mafi sauƙi ta girgiza mai kallo: suka ɗauki sutura mai alfarma suka mai da ita tarko, suka kuma ɗora nauyin lalacewar al'umma kacokan a kan mace. Labarin da ya rataya darajar aure gaba ɗaya a kan abin da miji ya tarar, ba tare da ya tsananta wa maza irin wannan bincike ba, ya gaji son zuciyar al'ummar da yake ƙoƙarin yi wa gyara. Wannan rauni ne na tunani, maganinsa alƙalami. Abin da bai cancanta ba shi ne laƙabin maƙiyin addini, balle barazanar kisa. Shaida kuwa ita ce shirye-shirye masu dogon zango na wannan zamani, irin su "Daɗin Kowa" na tashar Arewa24, suna taɓo shaye-shaye da tsattsauran ra'ayi da ɓarakar cikin gida, iyali na zaune suna kallo tare. Ƙofar da aka jefi "Saliha?" don ya ƙwanƙwasa, yanzu ta cikinta ake wucewa.

Baƙin jinin camama daban yake, domin daga raini ya fito. 'Yan boko sun ce ba ta da ma'ana, masu fina-finan soyayya ma sun ɗauke ta ƙaramar sana'a. Hujjojinsu na zahiri gaskiya ne. Ana ɗaukar fim cikin 'yan kwanaki, sau da yawa babu cikakken rubutaccen labari, sauti na tashi yana faɗuwa, ihu ya fi magana yawa. Sai dai ya kamata a faɗi dalili. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata a Kano su ke sayen fim su rarraba a wancan lokacin, masu satar fasaha kuma na jiran kaset ya fito su kwafa, don haka wanda ya daɗe yana gyara ya daɗe yana asara. Gaggawar da ake zargin camama da ita kasuwa ce ta haife ta, kuma fina-finan soyayya ba su tsira daga gare ta ba.

Abin da rainin ya rufe wa masu sharhi ido daga gani shi ne wurin da camama ta kafa kyamararta. A daidai lokacin da fina-finan soyayya ke aron zubin labari da raye-rayen Indiya, suna hayar manyan gidaje da motoci a Kano, Ibro da Baba Ari da Ciroki da Ɗan Gwari suna cikin zaure da dangar kara, suna rigima a kan bashin hatsi da kuɗin aure da rabon gado da kwaɗayin nama. Ga mai kallo a Ɗanzomo ko Gagarawa ko Sule Tankarkar, wannan ne kusan allon da ake nuna gida irin nasa da magana irin tasa. Na sha lura a shagunan tura fina-finai a waya, har a kasuwar Maigatari ranar Alhamis inda mutanen Nijar ke tsallakowa, cewa ana neman Ibro har gobe, alhali yawancin fina-finan da suka raina shi an manta sunayensu. Karɓuwa kaɗai ba ta zama hujjar inganci ba, amma karɓuwar da ta wuce shekara ashirin tana neman bayani, kuma kalmar shirme ba ta isa bayani ba.

Bayanin, a ganina, yana cikin asalin tauraron da Ibro ya gina. Mayunwaci ne, matsoraci mai cika baki, mai dabarar da kan juyo ta cinye shi. Wannan Gizo ne na tatsuniya ya sa riga da hula. A bayansa akwai 'yan kama da ke kwaikwayon karatun malamai da zancen abinci, akwai wasannin tashe na watan azumi inda yara ke kwaikwayon manya a yi dariya a ba su sadaka, akwai kuma Samanja da Karkuzu na talbijin. Idan ma'aunin shi ne kusanci da al'adar Bahaushe, wanda shi ne ma'aunin da aka riƙa dukan fina-finan soyayya da shi, to camama ce ta fi kowa cin jarabawar. Abin mamaki, waɗanda suka yi kukan an kwaikwayi Indiya su ne suka juya baya ga reshen da ya tsiro daga tushen gida.

Ko lokacin da Ibro ya ɗauko baƙo, mai da shi ɗan gida yake yi. "Ibro Awilo" ya ɗauko mawaƙin Kwango Awilo Longomba, "Ibro Usama" na 2002 kuwa ya ɗauko Usama bin Ladan a lokacin da ake sayar da hotunansa a kasuwannin Arewa, abin da ya jawo wa fim ɗin fushin jama'a da dama. Ana iya cewa neman kasuwa ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma sakamakon shi ne talaka ya ga wanda duniya ke rawar jiki a kansa ya sauko ya zama abin wasa a harshensa. Tsohon aikin wawan sarki ke nan, ya faɗi abin da fadawa ke tsoro cikin raha. Hukuma kuwa ba ta ɗauki abin da raha ba. A 2008, zamanin da Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabantar Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Ibro wata biyu kan "Ibro Aloko", mutumin da shi kansa tsohon gandiroba ne. A ƙarshen shekarar aka ɗaure Hamisu Lamido Iyan-Tama kan "Tsintsiya", fim ɗin da ya ci kyauta a bikin fina-finai na Zuma a Abuja. Wannan ya isa ya nuna cewa hukuncin hukuma da darajar fim ba lallai su zo ɗaya ba.

Akwai inda camama ta ci baƙin jininta da guminta, kuma son Ibro ba zai hana a faɗa ba. Ta mai da nakasa da in'ina abin dariya, ta kuma daskarar da Bagwari da Bafulatani da Inyamuri a siffa ɗaya da ba ta canjawa. Masu kare ta kan ce ai wasan barkwanci ne. Mu mutanen ƙasar Gumel, inda gidan sarauta Mangawa ne kuma Fulani maƙwabtanmu ne na kullum, mun san ƙa'idar wannan wasa: ido da ido ake yinsa, wanda aka tsokana yana da bakin ramawa, a tashi kowa na dariya. Fim kuwa hanya ɗaya yake bi. Wanda aka kwaikwayi harshensa yana zaune a gidan kallo ba shi da damar mayar da martani, yaran da suka kalla kuma gobe da wannan muryar za su tare shi a kasuwa. Haka nan yawan maimaici ya cinye fasahar, har aka kai matsayin da sunan Ibro a jikin kwali ya wadatar, labari ko oho. Waɗannan laifuka ne tabbatattu, sai dai ba su ne aka fi ambata a lokacin ba. An fi jin haushin ƙauyancin fina-finan fiye da zaluncin da ke cikin wasu barkwancinsu.

Sauyin hukunci irin wannan ba a kanmu aka fara ba. A Indiya, wadda muka daɗe muna kallon fina-finanta, "Kaagaz Ke Phool" na Guru Dutt ya faɗi warwas a kasuwa a 1959, har mai shi bai sake sa sunansa a matsayin darakta ba, yau kuma ana lissafa shi cikin fitattun fina-finan ƙasar. "Mera Naam Joker" na Raj Kapoor ya sha irin wannan kaye a 1970 kafin daga baya a ɗaukaka shi. Ba ina nufin kowane fim da aka yasar zinariya ce a cikin juji ba, da yawa sun cancanci mantuwar da aka yi da su. Darasin shi ne waɗancan sun sami shari'a ta biyu ne saboda an adana su. "Shaihu Umar" na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya ɓace shekaru da dama, sai a 2016 aka gano shi a rumbun Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. In fim mai wannan daraja ya kusa salwanta, ina ga kaset ɗin camama da zafi da ƙura ke ci a bayan shago?

Nan ne haɗarin yake. Kaset na ruɓewa, faifai na karcewa, abin da ake samu a intanet sau da yawa guntaye ne marasa kai da gindi, hukuncin da aka yanke kuwa yana nan garau a bakin mutane. In aka ci gaba a haka, za a wayi gari da tuhuma babu wanda ake tuhuma, ɗalibin gobe kuma ba shi da zaɓi sai ya maimaita abin da ya ji. Sassan nazarin Hausa a Jami'ar Bayero da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da Kwalejin Ilimi ta Gumel suna iya fara tattara waɗannan fina-finai daga hannun tsofaffin 'yan kasuwa da masu gidajen kallo tun masu su na raye, a mai da su cikin kwamfuta, a rubuta shekarar kowanne da sunayen waɗanda suka yi shi.

Hukuncina a taƙaice shi ne "Saliha?" ya cancanci suka kan rashin adalcinsa ga mace, amma an hukunta shi kan laifin da bai aikata ba. Camama ta cancanci suka kan gaggawa da cin fuskar raunana, amma an raina ta ne saboda ta yi kama da mutanen karkara, wanda shi ne babban abin da ta ba mu. Ibro ya rasu a Disambar 2014, yabon da aka hana shi yana raye ya kwararo bayan an binne shi, kuma yabon mamaci ba nazari ba ne. An ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Fina-finan nan ba su ma kai arba'in ɗin ba, don haka zagin ma sai a dakata da shi har a zauna a kalle su daga farko zuwa ƙarshe.