Rufe Jakara Ba Shi Ne Wanke Ta Ba

'Yan uwana mata, duk wadda ta tashi cikin birnin Kano ta san Jakara, ta san warinta da sauronta da ambaliyarta in damina ta yi nisa. Da aka tashi gyara, sai aka zaɓi a rufe ta da siminti a shimfiɗa titin Wuju-Wuju a kanta. Ni kam ban yaba ba. Wadda ta tura shara ƙarƙashin gado ai ba ta yi shara ba.

Mutanen Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, sun riga mu yin wannan kuskure. Sun binne rafin tsakiyar tsohon garinsu, suka ɗora gadar motoci a kai. A 2003 suka fara rushe gadar, a 2005 suka buɗe kusan kilomita 6 na rafin ya zama wurin shan iska. Aikin nasu ma da gyara, don da inji ake turo ruwan daga kogin Han, kuma an tashi 'yan tebur da dama.

To mu fa? Lungunanmu a cushe, yara ba filin wasa sai bakin kwata. Da an yashe Jakara an dasa itatuwa, da mun sami inuwa.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya: sharar da ta kashe Jakara daga gidajenmu take fita, mu muke aiken yara da ita. Allah Ya sa mu gyara, amin.