TAFIYA HUTU A LITTAFI DA TAFIYA HUTU A MOTA



Yau kam da mu marubuta zan yi, kuma da kaina zan fara, don kada a ce laifi tudu ne na taka nawa na hango na wasu.

Akwai wani babi da ya zama kamar farilla a littattafanmu na soyayya, duk wadda ta saba karatu ta san shi. Bayan an sha wuya an sha kuka, asirin kishiya ya tonu, uwar miji ta sauko, sai ki ga Alhaji ko Yaya wane ya shigo ɗaki yana murmushi, ya ajiye fasfo a kan gado ya ce, "Ki shirya yara, jibi za mu tafi hutu." Shi ke nan fa. Layi na gaba sai ga su a Dubai ko Amurka, a wani ƙaton wurin wasa, yara na kan lilo, ita kuma tauraruwar tamu tana sanye da doguwar riga tana shan askirim, maigida na kallon ta kamar ya haɗiye ta. Shafi uku ko huɗu ana lissafa mana sunan otal da turare da kalar zanen gado. Daga nan a dawo gida da akwati goma sha biyu na tsaraba, har da ciki.

Ni ma na rubuta wannan babin a littafina na biyu, kuma na tafka abin kunya. Cewa na yi sun sauka a Landan da safe, da la'asar direba ya kai su Disneyland. Littafi ya shiga kasuwa, sai wata baiwar Allah da ta yi zaman aure a Ingila ta kira lambar da na sa a bango, muka gaisa a mutunce, ta ce, "Hajiya, littafi ya yi daɗi, amma fa babu Disneyland a Landan." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai daga baya na bincika na gane na farkon a jihar Kalifoniya ta Amurka yake, an buɗe shi a 1955. Babban kuma yana Fulorida, an buɗe shi a 1971, manyan wuraren wasa huɗu ne a cikinsa, ba a gama zaga shi a yini ɗaya ko biyu. Na Turai kuwa a gefen birnin Faris na Faransa yake tun 1992. Ni ko oho, na ji suna a bakin mutane na ɗora. Ba ni kaɗai ba ce kuwa. Daga 2022 zuwa tsakiyar 2024 an dakatar da bai wa 'yan Najeriya bizar Dubai, amma taurarin littattafan da ake turawa ta WhatsApp ba su fasa tashi ba ko na mako guda.

To amma kuskuren suna da gari mai sauƙi ne, ana gyara shi a bugu na biyu. Abin da ya fi damu na shi ne abin da muke tsallakewa, kuma ban gane haka ba sai da na yi tafiyar da kaina.

A hutun ƙarshen shekarar 2019 maigidanmu ya ce zai kai yara Abuja su ga wurin wasan nan da ke kusa da babban filin ƙwallo, wanda aka buɗe a 2007 da sunan Wonderland, daga baya ya koma Magicland. Mu biyu ne a wurinsa. Abokiyar zamana tana jego a lokacin, don haka ba a yi jayayyar wa za ta je ba, Allah ya hutasshe mu. Amma manyan 'ya'yanta biyu za su bi mu, ga nawa huɗu har da na goye. Ya aro Sharon ta ƙaninsa.

Ƙarfe ukun dare na tashi. Dafa-duka kula guda, kaji biyu da na soya tun daren jiya, cincin, zoɓon da na kai gidan maƙwabta ya yi ƙanƙara don mu namu layin babu wuta. Ga buta, ga darduma, ga fo na yara, ga ledoji saboda mai amai, ga kayan canji na mutum shida. Muka yi asuba, muka fito daga lungunmu na Yakasai da kaya niƙi-niƙi zuwa bakin titi tun da mota ba ta shiga, muka fita ta Ƙofar Nasarawa muka hau titin Zariya. Ko Kura ba mu kai ba aka fara faɗan wa zai zauna a bakin taga. A Kadawa yara suka ga gonakin rani kore shar ana tsakiyar hunturu, babansu ya ce musu ruwan madatsar Tiga ne ake korowa ta magudanai. Kafin Kwanar Ɗangora an tsaya fitsari sau biyu. A Tashar Yari ɗaya ta yi amai a cinyata.

Lokacin ana tsakiyar aikin sake gina titin da aka fara a 2018, sai a tattara motoci duka a mayar da su hannu ɗaya, ga tireloli ga ƙura. Tafiyar kilomita ɗari huɗu da 'yan kai ta cinye mana yini. Amma inda ba zan manta ba shi ne bayan mun fita daga Kaduna. A shekarun nan kowa ya san abin da masu garkuwa da mutane ke yi a hanyar Kaduna zuwa Abuja, wajen su Rijana da Katari. Maigida ya kashe rediyo. Ba wanda ya ce a yi shiru, amma har yaran sai suka yi tsit. Ina kallon ƙeyarsa yana ta motsa baki, ni ma ina karanta duk abin da ya zo bakina, ina ƙirga kawunan yara, ina ce wa raina me ya kai mu, a kan lilo? Ba mu saki jiki ba sai da dutsen Zuma ya bayyana, babban yaron ya ce a ba shi naira ɗari ya gwada da hoton da ke jiki.

Yanzu don Allah ku faɗa mini, a cikin wannan yinin da shafi huɗun zanen gadon otal, wanne ne labari?

Ba otal muka sauka ba, gidan 'yar'uwarsa ne a Kubwa, ni da yara a falo. Washegari muka je wurin wasan. Gaskiya wuri ya yi kyau, yara sun yi murnar da ban taɓa ganin sun yi ba, kuma Allah ya saka wa babansu da alheri don ya kashe kuɗin da ya fi ƙarfinsa. Amma ni ko abu ɗaya ban hau ba. A inuwa na yini da goyo, ina gadin takalma da jakunkuna da kula. Kuma a raina lissafi nake yi wanda namiji ba ya yi: wa ya fara hawa, ɗan wa aka saya wa abin busa, kada a koma gida a ce an fifita 'ya'yan ɗakin wance. In nawa ya hau sau biyu, sai na tabbatar nata ya hau sau biyu, ko da daga kuɗin adashina ne.

Sai wajen la'asar na ƙirga na ga biyar. 'Yar abokiyar zamana, mai shekara shida, babu ita. Jama'a, ban san lokacin da na yar da mayafi ba. Abin da ya fara zuwa raina ba ma ɓatan ba ne, a'a, da wane baki zan kalli uwarta, kuma wa zai yarda ba sakaci na yi ba don ba ni na haife ta ba? Bai fi minti goma ba aka gan ta tsaye a gaban dawakin nan masu juyawa ta saki baki tana kallo. Na rungume ta ina kuka, ita ko tana tambaya ta ko za a ƙara mata hawa. Da muka dawo Kano aka zauna kallon hotuna a wayar maigida, sun fi ɗari, inda na fito ɗaya ne, shi ma gefen hijabina ne.

Wannan matar da ke zaune a inuwa da takalman yara, ita ce mai sayen littattafanmu, ita ce mai aron su a ba ta kwana biyu, ita ce mai sauraron su a waya tana wanke-wanke. Amma ba ta cikin babin. Mun ɗauke mata aikin mun ba wasu 'yan aiki marasa suna, mun ɗauke hanya mun sa jirgi, mun ɗauke tsoro da lissafin kuɗi. Abin da ya rage ba tafiya ba ce, tallan otal ne.

Abin da ya fi muni kuma, mun mayar da tafiyar sandar dukan kishiya. Ku lura da kyau, a yawancin littattafan nan ba a tafiya hutu sai don wata ta ji haushi. Ana hawa jirgi sai marubuciya ta juyo da mu gida mu ga uwargida ko tsohuwar budurwa tana fasa kwanuka, mu kuma mu ce Allah ya ƙara. 'Ya'yanta fa? Ko a manta da su gaba ɗaya, ko a sa su leƙen mota tana fita. Alhali mun sani tun a Islamiyya cewa Manzon Allah (SAW) idan zai yi tafiya ƙuri'a yake yi tsakanin matansa, wadda ta faɗo a kanta ita ce za ta bi shi. Ban ce littafin soyayya ya koma littafin fiƙihu ba. Amma gwarzon da muke kira mai addini mai adalci a shafi na goma, shi ne a shafi na ɗari biyu yake kwashe ɗaki guda ya bar ɗaki guda, kuma marubuciya na tafa masa. Ko ta fuskar daɗin labari ma asara ce, domin daren da za a yanke wa za ta je wa za ta zauna ya fi duk wani lilo juya ciki.

Na san abin da wasu ƙawayena marubuta za su ce, don sun sha faɗa mini. Wai mace ta yini cikin hayaƙin gawayi da kukan yara, in ta buɗe littafi so take ta huta, ba a sake nuna mata fo da amai ba. Wannan magana ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. Ba na cikin masu cewa littattafanmu ne suka ɓata tarbiyya, wannan zargin tun ina goye ake yi wa iyayenmu marubuta shi. Mafarki ba laifi ba ne, ni ma ina son in ga Dubai kafin in mutu. Sai dai akwai bambanci tsakanin mafarki da ma'auni. A unguwarmu akwai wata amarya da ta yi kwana uku ba ta yi wa mijinta magana ba, don da ƙaramar Sallah ya ce ta shirya zai fita da ita, ta ci kwalliya, sai ya kai ta Gidan Zoo. Yaron nan ɗinki yake yi, a Adaidaita ya ɗauke ta, ya saya mata tsire da lemo. Da na je ba ta baki, sai ta ce mini, "Anti, ke fa kika rubuta." Ban sami abin cewa ba.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa mata ba sa son ganin wahalarsu a rubuce. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, labarin Rabi da mijinta ya kora da 'ya'ya tara, ta koma sayar da abinci tana riƙe su. Babu jirgi babu otal, amma har yau ana karanta shi, har an fassara shi zuwa Turanci a 2012. Abin da ya riƙe mutane shi ne sun ga gidan da suka sani.

Wuraren ma ai muna da su, mu ne muke jin kunyar ambaton su. Zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, aka gina madatsar Tiga da otal ɗin Bagauda da Gidan Zoo ɗin da amaryar can ta raina. Iyayenmu sun ba mu labarin zuwa Bagauda da Tiga a motar haya ranar yawon Sallah, da shinkafa a langa. Otal ɗin Bagauda yanzu makarantar horar da lauyoyi ce. Ga Yankari a Bauci, da giwaye da ruwan ɗumin Wikki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, magidanci nawa ne a cikin birni zai iya cika tanki zuwa Abuja da dawowa don lilo? Wanda ya iya kai iyalinsa Tiga ma ya yi ƙoƙari, ya cancanci babi guda.

A littafin da nake rubutawa yanzu na sake sa babin tafiya hutu. Mata biyu, yara bakwai, mota ɗaya ta aro, kuma babu mai jego a cikinsu. Na kai wa yarinyar da ke buga mini a kwamfuta, ta karanta ta ɗago kai ta ce, "Anti, shafi goma sha ɗaya fa ke nan, har yanzu ba su wuce Kwanar Ɗangora ba." Na ce ta ci gaba da bugawa, tukuna ma, ba a fara faɗan wa za ta zauna a gidan gaba ba sai an tsaya sallar azahar a Zariya.