Tsohuwar kwamfuta a cikin filas: wasa kaɗai za mu yi da ita?

Wata ɗabi'a ta yaɗu a tsakanin masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci, kuma ina goyon bayanta da zuciya ɗaya, sai dai ina da ƙorafi a kan yadda akasarin mutane suke yin ta. Mutum zai ɗauki filas, ya zuba masa manhajar kwaikwayo, wato manhajar da ke sa kwamfutar yau ta yi aiki tamkar ita ce wata na'urar da aka daina ƙerawa tuntuni, ya jefa a aljihu. Duk inda ya samu kwamfuta sai ya soka filas ɗin, nan take Commodore 64 ta shekarar 1982 ta bayyana da shuɗin allonta, ko kuwa baƙin allon MS-DOS yana jiran umarni. Masu Commodore suna amfani da VICE, masu Amiga da WinUAE, masu DOS da DOSBox ko DOSBox-X. Akwai kuma Batocera, wadda ita gaba ɗaya daga filas take tashi, ba ruwanta da Windows ɗin da ke kan na'urar.

Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne ƙanƙantar kayan wancan zamani. Commodore 64 ƙwaƙwalwar aikinta kilobayit 64 ce kacal, faifanta ɗaya kuma yana ɗaukar wajen kilobayit 170. Filas mai gigabayit 16 zai haɗiye irin wannan faifai kusan 90,000. Dabarar da ta rage ita ce a sa manhajar ta ajiye saitinta a cikin foldarta, kuma a nuna mata hanyar fayiloli daga inda take zaune, domin filas ɗin da ya fito a matsayin E: a wannan kwamfuta yana iya fitowa F: a waccan. Wanda ya gyara wannan ya gama. Ga mutumin da kwamfutar gabansa ta ofis ce, ko ta makaranta, ko ta ɗan'uwa, wadda ba shi da ikon girka komai a kanta, wannan hanya ta fi kowace dacewa.

To, ga ƙorafin nawa. Da yake wurin ajiya a filas yana da yawa, sai aka mayar da abin gasar tarawa. Za ka ji mutum yana alfahari filas ɗinsa na ɗauke da wasanni dubu goma, alhali bai zauna da ko guda biyar ya san su ba. Ya buɗe wannan minti biyu ya rufe, ya buɗe wancan. Ban raina wasannin ba. Binciken da Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na tsofaffin wasannin da aka fitar a Amurka ba a samun su a kasuwa yanzu, don haka masu adana su suna yin aiki na gaske. Amma tarin da ba a buɗewa, ba a san abin da ke ciki ba, ba a ma tabbatar yana aiki ba, ban ga wanda ya amfana da shi ba.

Amfanin da ya fi girma yana wajen tsofaffin ayyukan mutane. A 1986 BBC ta haɗa wani gagarumin aiki don cikar littafin Domesday shekara 900, inda mutane sama da miliyan ɗaya, yawancinsu ƴan makaranta, suka ba da bayanai da hotunan garuruwansu a Birtaniya. An zuba komai a faifan LaserDisc da ke buƙatar kwamfutar BBC Master ta musamman. Kafin a cika shekara ashirin na'urorin karanta shi sun kusa ƙarewa, alhali littafin asali na 1086, wanda aka rubuta da hannu a kan fata, yana nan ana karanta shi. Masana daga jami'o'in Leeds da Michigan ne, a ƙarƙashin shirin CAMiLEON, suka rubuta manhajar kwaikwayo a 2002 suka sake buɗe shi. Haka nan marubucin Kanada Robert J. Sawyer, wanda bai daina rubuta littattafansa da WordStar ba, ya tattara manhajar da littattafan koyonta a 2024 ya haɗa su da DOSBox-X domin kowa ya iya tayar da ita a kwamfutar zamani.

Wannan matsala tana ƙofar gidanmu. Duk wanda ya buga kundin digiri ko littafi a shagunan buga takardu na shekarun 1990 ya san WordPerfect da faifan fulofi mai megabayit 1.44. Masu rubutun Hausa kuma nasu ya fi tsanani. Kafin Unicode ta zama ruwan dare, ana samun ƙ da ɗ da ɓ ne ta hanyar salon haruffa na musamman, wanda aka ɗora waɗannan baƙaƙe a gurbin wasu alamomi. Ka buɗe irin wannan fayil a kwamfutar yau ba tare da wancan salon haruffa ba, sai ka ga alamomi barkatai a duk inda baƙi mai lanƙwasa yake. Filas guda mai ɗauke da DOSBox-X, da tsohuwar manhajar rubutun, da salon haruffan da aka yi aikin da shi, zai nuna shafin yadda marubucin ya bar shi, daga nan a san wace alama ce ke wakiltar wane baƙi, a juya rubutun zuwa tsarin yau. Irin wannan filas nake so in ga ɗakunan karatu da sassan Hausa na jami'o'inmu sun tanada: na'ura ɗaya, manhaja biyu ko uku, da ƴar takardar bayani a ciki mai faɗin yadda ake tayar da komai.

Masu riƙe da na'urorin asali suna cewa kwaikwayo ba ya kai wa ga na gaske, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Sautin guntun SID na Commodore yana bambanta ko tsakanin na'ura da na'ura, allon gilashi na da yana tausasa hoto ta yadda allon yau ba ya yi. Amma na'urar shekara arba'in kayan cikinta suna lalacewa, masu gyaranta suna raguwa, kuma ɗalibin da ke son karanta kundin malaminsa ba ruwansa da taushin hoto. Batun haƙƙin mallaka ma a kula da shi: manhajojin kwaikwayon da na ambata kyauta ne, amma abin da ake zubawa a cikinsu ba duka ba. Kickstart na Amiga, wato manhajar da ke tayar da na'urar, misali, har yau kamfanin Cloanto yana sayar da shi a cikin Amiga Forever.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ɗaukar filas a matsayin ma'ajiya. Filas jakar tafiya ce, ba rumbu ba. Yana riƙe bayanai ne da ɗan cajin lantarki da ke maƙale a cikin ƙwayoyinsa, cajin nan kuma yana zurarewa a hankali idan an daɗe ba a soka shi ba, zafi kuma yana ƙara masa sauri, mu kuwa mun san zafin watan Afrilu. Ga jabun filas da ke nuna gigabayit 64 alhali abin da ke ciki bai kai haka ba, sai ya riƙa rubuta sabo a kan tsoho ba tare da gargaɗi ba. Ga cutar kwamfuta da ke bin filas daga shago zuwa shago. Wanda ya samu nasarar ciro fayilolin mahaifinsa daga fulofi, ya gwada sabon filas ɗin da manhaja irin H2testw kafin ya zuba komai, ya ajiye kwafi a babban faifan kwamfuta da wani a intanet, sannan ya juya rubuce-rubucen zuwa Unicode tun manhajar kwaikwayon tana buɗe su.