Wa zai rubuta wa yaran Illela?

Matasa masu rubutun Hausa sun yawaita, kuma ina murna da haka. Abin da ke damuna shi ne kusan kowa ya karkata ga labarin soyayya da kishi, ana sakinsa shafi-shafi a WhatsApp da Facebook. Ɗan aji uku na firamare a Illela fa, me zai karanta?

Abubakar Imam yana malamin Midil ta Katsina, yana ɗan shekara 22, ya shiga gasar rubutun Hausa ta 1933 da ta haifar da littafinsa Ruwan Bagaja. A 1936 aka kira shi Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce domin 'yan makaranta. Ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya sa musu rigar Hausa har ba a gane baƙi ne. Dubi dabararsa a littafi na ɗaya: aku ne ke riƙe ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita. Aikin ke nan. Wanda ya tsaya gaban allo ya san yaro ba ya yi wa labari kara; in bai yi daɗi ba, tashi zai yi.

Don haka, ƙanena marubuci, kada ka fara da wa'azi. Fara da yaron da ya kora akuya kasuwar Lahadi ta ɓace masa cikin garken shanu, ko yarinyar da ke raka babanta fadamar albasa a Kalmalo. Ka taƙaita jimla. Ka tara ƙannenka bayan sallar isha'i ka karanta musu da ƙarfi, duk inda suka fara mutsu-mutsu ka goge wurin. Ka bi daidaitacciyar Hausa wajen rubutu, amma in kaka ce ke magana ka bar ta da Sakkwatancinta, don yaro ya ji muryar gida.

Masu cewa littafin yara ba ya kawo kuɗi suna da hujja, takarda da zane duk tsada ne. Sai dai marubucin Illela yana da masu karatu a ƙasa biyu. Yaran Birnin Ƙonni da ke Nijar Hausa ɗaya suke yi da namu, kuma a 2025 Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa. Ɗan littafi mai shafi goma sha shida, da zanen wani matashi na unguwarku, ya isa ka fara kai wa shugaban makarantar firamare.