Aljihun Minista Nanga

A shekarar 1966 Chinua Achebe ya fitar da littafinsa A Man of the People, watau Mutumin Jama'a. Labarin Cif Nanga ne, malamin makaranta wanda ya zama Ministan Al'adu, ya tara dukiyar da ta fi ƙarfin albashinsa. Da tsohon almajirinsa Odili ya fito takara da shi, sai ya kai masa kuɗi don ya janye.

Gwanintar marubucin ita ce bai mai da Nanga dodo ba. Mutum ne mai fara'a da sakin hannu. Talakawa sun san yana ci, amma kowa rabonsa yake jira. Inda littafin ya gaza, a ganina, shi ne da ya bar soja suka raba gardama, alhali kuwa soja ma yana da aljihu.

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya wajabta wa zaɓaɓɓu su bayyana dukiyarsu ga hukuma, amma takardun ba su kan kai idon jama'a ba. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bayyana tasa a fili a 2007. Lalle duk mai neman ƙuri'armu ya kamata ya yi haka. Wanda ya ƙi kuwa, mun gane: mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.